Cikungunya: Zazzaɓin Mako Ɗaya, Ciwon Gaɓoɓi Na Watanni

'Yan shekarun baya wani kawuna ya raka matarsa Indiya domin a yi mata aiki. Suka yi kusan wata guda, aiki ya yi kyau, suka dawo gida ana ta barka. Kwana uku da saukarsu sai zazzaɓi ya rufe shi, shi da ya je jinya, ba wadda aka yi wa aikin ba. Farat ɗaya ya zo masa bayan la'asar, kafin gari ya waye ba ya iya ɗaga butar alwala saboda ciwon wuyan hannu da yatsu. Kamar yadda muka saba, aka ce maleriya ce, aka yi allurai. Da bai sauka ba aka ce to taifot ce, aka ƙara da wasu ƙwayoyin. A rana ta shida zazzaɓin ya sauka, kowa ya ce alhamdu lillahi, maganin taifot ya yi aiki.

Sai dai ciwon gaɓoɓin bai bi zazzaɓin ya tafi ba. Wata biyu, wata uku, mutumin da ke zuwa masallaci da ƙafarsa ya koma sallah a kan kujera. Da asuba sai ya ɗauki kusan awa guda kafin yatsunsa su saku ya iya sa maɓallin riga. Masu zuwa dubiya kuwa kowa da tasa fatawar: wannan ya ce sanyin ƙashi ne, wancan ya ce tsufa ne ya yi sallama, wata gwaggo kuma ta rantse jifa ne. Sai a wata na huɗu wani likita ya yi masa tambayar da ba wanda ya yi masa tun farko: "Alhaji, kafin zazzaɓin nan ka yi tafiya?" Daga wannan tambayar aka aika jininsa gwaji, sakamako ya nuna cikungunya ce ta kama shi.

Wannan cuta za mu duba a yau, musamman dalilin da ya sa ciwonta kan daɗe bayan ita kanta ta wuce, da kuma abin da ya kamata matafiyi ya yi idan ya dawo gida da zazzaɓi.

Mece ce cikungunya?

Sunan ya fito ne daga harshen Makonde na kudancin Tanzaniya, inda aka fara gano cutar a annobar 1952 zuwa 1953. Ma'anarsa abin da ke lanƙwasa mutum, saboda yadda masu cutar ke tafiya a duƙe don azabar ciwo. Ƙwayar cutar bairas ce, wato ba irin ta maleriya ba ce, ba kuma irin ta taifot ba. Wannan bambanci yana da muhimmanci, domin maganin maleriya da magungunan kashe bakteriya ba su taɓa bairas ko kaɗan. Kawuna ya sha su ne kawai a banza, zazzaɓin ya sauka ne don lokacinsa ya yi.

Sauro ne ke yaɗa ta, amma ba sauron maleriya ba. Nau'i biyu ne: Aedes aegypti da Aedes albopictus. Ƙanana ne, baƙaƙe, masu ɗigon fari a ƙafafu da jiki. Sauron maleriya da dare yake farauta, shi ya sa gidan sauro ke maganinsa. Waɗannan kuwa da rana suke cizo, musamman da sassafe da kuma yamma kafin magariba, lokacin da mutum ke zaune a shago ko a tsakar gida. Su ne kuma ke yaɗa zazzaɓin dengi da Zika, kuma Aedes aegypti ne ke yaɗa shawara a birane. Ba ruwansu da kwata mai wari sosai; ruwan da aka tara a randa, duro, tsohuwar taya ko gwangwani shi suka fi so.

Yadda take farawa

Daga cizo zuwa fara rashin lafiya yawanci kwana 3 zuwa 7 ne, wani lokaci ya kai 12. To ka ga mutum zai iya hawa jirgi lafiyarsa ƙalau, ya wuce duk wani bincike a filin jirgi, cutar ta bayyana yana kan gadonsa a Kano ko Maraɗi.

Zazzaɓin kan zo ne kwatsam, sau da yawa ya haura digiri 39. Tare da shi akwai ciwon gaɓoɓi mai tsanani, kuma yana da wata alama: yakan kama ɓangarorin jiki biyu a tare, dama da hagu, ya fi kuma son ƙananan gaɓoɓi, wato yatsu, wuyan hannu, idon sawu, sannan gwiwa. Wasu gaɓoɓin har su kumbura. Kusan rabin masu cutar kan ga ƙuraje ƙanana sun feso a ƙirji, baya da hannuwa bayan kwana biyu zuwa biyar, kodayake a baƙar fata ba kullum ake lura da su ba. Akwai ciwon kai, ciwon tsoka, jan ido da kasala. Mafi yawan waɗanda ƙwayar ta shiga jikinsu sai sun kwanta, saɓanin dengi da Zika da mutane da yawa kan yi ba su ma sani ba.

Ba kasafai take kisa ba. Waɗanda ta fi yi wa haɗari su ne tsofaffi, masu ciwon suga, hawan jini ko ciwon zuciya, da jariran da aka haifa daidai lokacin da uwar ke cikin zazzaɓin. Irin waɗannan jarirai cutar kan iya taɓa musu ƙwaƙwalwa, don haka mai tsohon ciki da ta dawo daga tafiya da zazzaɓi asibiti za ta nufa kai tsaye. Abin daɗin shi ne wanda ya yi ta sau ɗaya, jikinsa kan samu garkuwa mai ɗorewa.

Me ya sa ciwon ba ya tafiya?

Likitoci sun kasa cutar gida uku: makonni ukun farko, sannan daga nan zuwa ƙarshen wata na uku, sannan abin da ya wuce wata uku, wanda shi ake kira mai daɗewa. Wani nazari da aka wallafa a 2018, wanda ya tattara sakamakon bincike da dama daga ƙasashe daban-daban, ya samu cewa kusan kashi 43 cikin 100 na masu cutar ba su gama warkewa ba bayan wata uku, kusan kashi 21 kuma har bayan shekara guda. Wato a cikin mutum biyar, ɗaya na nan yana fama shekara ta zagayo. Waɗanda suka haura shekara 45, mata, masu tsohon ciwon gaɓoɓi, da waɗanda makon farko ya yi musu tsanani, su ne suka fi shiga wannan sahu.

To mene ne ke faruwa a cikin gaɓar? Ƙwayar cutar ba ta daɗewa a jini. Cikin mako guda zuwa kwana goma garkuwar jiki ta share ta daga can. Amma kafin nan ta riga ta shiga wuraren da ta fi so: tantanin da ya lulluɓe cikin gaɓa, jijiyoyin da ke haɗa tsoka da ƙashi, da tsokar kanta. A 2018 masu bincike a Amurka suka gano wani furotin mai suna Mxra8 da ke saman ƙwayoyin halittar waɗannan wurare, wanda bairas ɗin ke kamawa ya shiga ciki, kamar yadda makulli ke shiga kwaɗo. Wannan ya taimaka wajen fahimtar dalilin da ya sa gaɓoɓi take nufa.

Bari mu yi misali. Ɓarawo ya shiga unguwa, 'yan sintiri suka taru suka kore shi. Amma wajen gudu ya yar da takalminsa da hularsa a wani lungu. Duk dare idan 'yan sintiri suka ga kayan nan sai su ɗauka yana nan, su hau bincike, suna fasa ƙofofi suna tada mutane. Ɓarnar da ake yi yanzu ta masu gadi ce. Haka masana da yawa ke kallon ciwon cikungunya mai daɗewa: ragowar sassan bairas sun maƙale a gaɓa, ƙwayoyin garkuwa na ta zubo sinadaran kumburi a wurin, gaɓa na ta ciwo.

Akwai hujja a kan haka. A 2010 masu bincike a tsibirin Reyuniyon suka ba da rahoton wani majinyaci da aka samu sassan ƙwayar cutar a tantanin gaɓarsa wata 18 bayan zazzaɓin, a cikin ƙwayoyin garkuwa da ake kira makrofej, waɗanda aikinsu haɗiye datti da ƙwayoyin cuta. An ga irin wannan a gwajin birai. Sai dai wani binciken a Kolombiya ya duba ruwan gaɓoɓin masu ciwon kusan shekara biyu bayan cutar, bai samu bairas ɗin ba. Shi ya sa wasu masana ke ganin garkuwar jikin ce ta rikice take ci gaba da faɗa ko da babu sauran abin faɗa. Muhawarar na nan, amma ɓangarorin biyu sun haɗu a kan abu ɗaya: kumburi ne ke kawo ciwon, kuma mai fama da shi a wannan mataki ba ya sa wa kowa cutar.

Ga mafi yawan mutane, abin da ke saura shi ne ciwo da sandarewar gaɓoɓi da safe, kumburin jijiyoyi, wani lokaci da dindiris a yatsu saboda kumburin ya danne jijiyar wuyan hannu. Yakan lafa ya dawo, da yawa na cewa ya fi tashi lokacin sanyi ko bayan aikin ƙarfi. Kaso kaɗan ne ciwon ke zame musu amosanin gaɓoɓi na sosai, irin wanda kan iya cin ƙashi idan ba a kula ba. Kuma kada a raina abin da ba a gani da ido. Telan da ba ya iya riƙe almakashi, ko uwar da ba ta iya tuƙa tuwo ko matse wanki, wata shida a haka ya isa ya taɓa aljihu, ya taɓa zuciya. Gajiya da damuwa na cikin abin da masu wannan ciwo ke yawan kuka da shi.

Matafiyi ne jirginta

Sauron Aedes ba ya nisa, yawanci rayuwarsa duka a 'yan gidajen da ke kewaye da inda aka ƙyanƙyashe shi take ƙarewa. Mutum ne ke tsallaka teku da cutar a jininsa. Tarihinta na shekaru ashirin da suka wuce ya nuna haka ƙarara.

A 2004 ta ɓarke a tsibirin Lamu na Kenya. Daga nan ta shiga Komoros, sannan Reyuniyon da ke tekun Indiya, inda tsakanin 2005 da 2006 ta kama kimanin mutum 266,000, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen tsibirin. A can ne bairas ɗin ya samu wani ɗan canji a furotin ɗaya na jikinsa, wanda ya sa Aedes albopictus ya fi iya ɗaukarsa. A 2006 Indiya ta ƙirga sama da mutum miliyan ɗaya da ake zargin sun kamu.

Abin da ya faru a Italiya a 2007 shi ne darasin da ya fi shafarmu. Mutum ɗaya ya zo daga jihar Kerala ta Indiya ya ziyarci ɗan'uwansa a wani ƙauye kusa da Rabenna, zazzaɓi ya kama shi a can. Sauron garin ya cije shi. Kafin ƙarshen bazarar an samu wajen mutum 200 da cutar, a ƙasar da ba a taɓa ganin ta yaɗu ba. A Disambar 2013 kuma ta bayyana a tsibirin Sen Matin na yankin Karebiyan, cikin shekara guda nahiyar Amurka ta ƙirga sama da mutum miliyan ɗaya.

Kada mai karatu ya ɗauka abin na nesa ne. A 2018 jihar Kasala ta Sudan da kewayenta sun yi fama da ita, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoton kusan mutum 14,000 zuwa farkon Oktoba. A 2020 ta ɓarke a Abeshe da ke gabashin Cadi, inda aka ƙirga sama da 27,000 kafin ƙarshen Satumba. Duka garuruwa ne da 'yan'uwanmu ke zaune, ake kuma kai da komo. A 2025 ta sake dawowa Reyuniyon, sannan ta ɓarke a birnin Foshan na ƙasar Cana, inda aka samu sama da mutum 7,000 cikin 'yan makonni. Foshan kuwa maƙwabciyar Gwanzu ce, inda 'yan kasuwarmu ke zuwa saro kaya.

Ita kanta Najeriya ba baƙuwarta ba ce. An rubuta annobarta a Ibadan tun 1969, kuma an gano Aedes albopictus yana hayayyafa a kudancin ƙasar tun 1991. Aedes aegypti kuwa yana nan cikin randunanmu tun fil azal. Saboda haka wanda bai je ko'ina ba ma zai iya kamuwa. Abin da ya sa muka matsa a kan matafiyi shi ne shi ne ke da wata alama a hannu da za ta sa likita ya yi tunanin cutar da wuri.

Gwaji: lokaci ne ke zaɓar irinsa

Duk wanda ya dawo daga tafiya da zazzaɓi, a fara da gwajin maleriya, domin ita ce mai saurin kisa, kuma mutum na iya ɗauke da biyun a lokaci guda. Mai sikila kuwa, zazzaɓi da ciwon ƙashi ba abin jira ba ne ko kaɗan. Idan maleriya ba ta fito ba, ko an yi maganinta ciwon gaɓoɓi bai saki ba, to nan ne labarin tafiya ke da amfani. Ka faɗa wa likita ƙasar da ka je, garin, da ranar da ka dawo, ko da bai tambaya ba.

A makon farko gwajin PCR ake yi, wanda ke neman ƙwayar cutar kanta a jini. Bayan mako guda ta bar jinin, sai a koma neman sojojin da jiki ya ƙera don yaƙar ta. Nau'in IgM kan bayyana wajen ƙarshen makon farko ya ɗauki wasu watanni, IgG kuma ya zauna shekaru. Wanda ya yi PCR a wata na uku ya ga babu komai, wannan bai wanke shi ba, gwajin ne bai dace da lokacin ba. Likita kan kuma duba alamomin amosanin gaɓoɓi na asali a jini, domin cututtukan biyu na kama da juna matuƙa.

Magani

Har yanzu babu maganin da ke kashe wannan bairas. An gwada kulorokwin lokacin annobar Reyuniyon, bai yi amfani ba. Abin da ake yi a makon farko shi ne hutu, shan ruwa sosai, da farasitamol bisa ƙa'ida.

Ga wurin da ya kamata a yi hattara. Kada a sha asfirin, ibufurofen ko dikulofenak a kwanakin zazzaɓin sai likita ya tabbatar ba dengi ba ce. Cututtukan biyu sauro ɗaya ke kawo su, a gari ɗaya ake samunsu, farkonsu ma iri ɗaya ne. Dengi na rage ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare, waɗannan magunguna kuma na ƙara haɗarin zubar jini. Bayan an cire dengi, likita na iya ba da su na ɗan lokaci.

Idan ciwon ya wuce makonni, akwai matakai. Wani a ba shi maganin kumburi, wani a ba shi sitiroyid na ɗan gajeren lokaci a rage masa a hankali. Wanda ya wuce wata uku gaɓoɓinsa na kumbura, ya kamata ya ga likitan gaɓoɓi, domin akwai magunguna irin su metotireksat da ake amfani da su, waɗanda sai da gwajin jini a kai a kai. Motsa gaɓa a hankali da gashin ƙashi a asibiti na taimakawa ƙwarai. Kwanciya wuri ɗaya sai ƙara sandarewa.

Abin da na fi jin tsoro shi ne haɗin kemis, irin ƙwayoyi huɗu ko biyar da ake ƙulla wa mutum a leda a ce maganin ciwon jiki ne. Sau da yawa akwai sitiroyid a ciki, da maganin kumburi fiye da ɗaya. Mutum zai ji sauƙi a ranar, ya koma gobe, ya koma jibi. Wata shida a haka na iya jawo gyambon ciki, hawan suga, hawan jini da lalacewar ƙoda. Ciwon cikungunya yawanci yana raguwa da lokaci, ƙodar da ta lalace kuwa sai dai wanki.

Maganar rigakafi: hukumar magunguna ta Amurka ta amince da allurar Ixchiq a Nuwambar 2023, sannan ta dakatar da lasisinta a Agustan 2025 bayan rahotannin munanan illoli, musamman ga tsofaffi. Ta biyu, Vimkunya, ta samu amincewa a Fabrairun 2025 ga masu shekara 12 zuwa sama. Ga yawancin matafiyanmu dai, kariyar da ke hannu ita ce guje wa cizo: man shafawa mai korar sauro irin mai sinadarin DEET, riga mai dogon hannu, safa, da masauki mai raga a taga.

Makon farko: ka kare gidanka

A makon farkon zazzaɓi jinin majinyaci cike yake da bairas. Sauron gida ya cije shi, bayan 'yan kwanaki ya zama mai yaɗawa har ƙarshen rayuwarsa. Haka aka yi a ƙauyen nan na Italiya. Saboda haka wanda ya dawo da zazzaɓi ya kwanta cikin gidan sauro har da rana, ya shafa mai, na tsawon mako guda. Mutanen gida kuma su zagaya: a rufe randa da duro, a kifar da tsofaffin tayoyi da gwangwanaye, a zubar da ruwan kaskon kaji a sake sabo. Zubar da ruwa kaɗai bai isa ba, sai an goge cikin mazubin da soso, domin ƙwan Aedes na manne wa bango, yana kuma iya jure bushewa na watanni, ruwa na taɓa shi ya ƙyanƙyashe. Daga ƙwai zuwa sauro kwana 7 zuwa 10 ne, don haka sau ɗaya a mako ake wannan aiki.

Kawuna dai ya samu sauƙi. Da aka san sunan ciwon aka daina yi masa allurar maleriya, aka raba shi da haɗin kemis, aka sa shi a magani da motsa jiki. Wajen wata na goma ya ajiye kujera ya koma sujada, kodayake har yau idan hunturu ya shigo wuyan hannunsa kan tuna masa da Indiya. Da an yi masa tambayar nan a rana ta farko, da an rage masa wahala da kashe kuɗi. Idan kai ko wani naka ya dawo daga tafiya, zazzaɓi ya biyo baya cikin mako biyu tare da ciwon gaɓoɓi, ku ambaci tafiyar tun a bakin ƙofar likita.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kai matafiyanmu Ya dawo da su lafiya.